Fitsari ya tsare Mama a gida: ƙwayar hormon ce mafita?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata, ina kuma roƙon masu ilimin abin su yi magana. Shekarunta 58, al'ada ta daɗe da ɗauke mata. Tun bara take fama da matsuwar fitsari. Farat ɗaya yake taso mata, kafin ta ɗauki buta ta kai banɗaki ya riga ya zubo. Da dare kuwa ba ta samun barcin kirki saboda tashi. Ta daina zuwa islamiyya, azumin da ya wuce ba ta leƙa tarawihi ba, biki da suna sai dai ta yi aike. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ce na lura da yawan zannuwan da take shanyawa a bayan ɗaki, na matsa mata, sannan ta faɗa mini tana hawaye. An yi maganin sanyi har mun gaji. Yanzu wata ƙawata ta ce ƙarancin hormon ne, in saya mata ƙwayoyin da matan Turai ke sha bayan ɗaukewar al'ada. Akwai wadda ta san gaskiyar wannan magana?

Hajiya Uwani:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah Ya sa kaffara ne. 'Yata, haihuwa nawa ta yi? Mu da muka haifi tara, goma, mun san wannan yana jiran mu a gaba. Ki saya mata pampas na manya, ki rufa mata asiri, kada ki bari surukai su ji. Girma ne, maganinsa haƙuri.

Maman Ilham:
Mu tara ta haifa, Hajiya, duk a gida ban da autarmu.

Ummu Hafsa:
Sanyi ne ya kama mata mara. A tafasa bagaruwa da ganyen magarya ta riƙa zama a ciki safe da yamma, sannan ta yi matsi da alimun. Wurin ne ya saki, in ya tsuke za ta daina.

Nas Mai Ritaya:
Ummu Hafsa, ki yi wa Allah kada a sa wa dattijuwa alimun. Na yi shekaru a ɗakin duba mata, na san yadda gaban macen da al'ada ta ɗauke wa yake zama: fatar ta yi siriri, ta yi fari fat, ta bushe, ko auduga aka goga sai ki ga ɗigon jini. Irin wannan wuri ne za a sa wa abin da ke tsotse ruwa? Na ga matan da suka zo da gyambo saboda haka. Haka masu tsarki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi. Ruwa kawai ya isa. Hajiya Uwani kuma, da girmamawa, girma yana kawo shi amma yana da magani. Mace mai shekara 58 ba ta kai a naɗe ta a pampas a ajiye a ɗaka ba.

Likitar Zaure:
Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Kada ki sayi ƙwayoyin nan tukuna, ki bari in yi miki bayani.

Ƙawarki ta kama gefen gaskiya. Sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Gaba, da bututun fitsari, da ƙasan mafitsara, duk da shi suke samun kauri da laushi da gudanar jini. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai ya yi ƙasa sosai. Bututun ya rage rufuwa da kyau, mafitsara ta zama mai saurin motsuwa, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare gaba su ragu, masu cutarwa su samu hanya. Daga nan sai bushewa, zafi wajen kwanciyar aure, raɗaɗin fitsari, matsuwa, da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. Zafin jiki da gumin dare suna wucewa da kansu bayan wasu shekaru, amma wannan ba ya wucewa, ƙaruwa yake yi.

To sai mutum ya ce tunda ƙaranci ne, a sha a cike gurbin. Likitoci ma haka suka ɗauka shekara da shekaru, har aka gwada. Akwai babban binciken lafiyar mata da aka yi a Amurka, wanda ake kira WHI, mata sama da 27,000 'yan shekara 50 zuwa 79, wasu aka ba su ƙwayar hormon, wasu ƙwayar da babu magani a ciki. Sakamakon da ya shafi fitsari ya fito a 2005. Matan da ba su da matsalar tun farko, masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da ita, musamman zubar fitsari wajen tari da atishawa. Waɗanda suke da ita kuma, ta ƙaru. Ƙwayar da ake haɗiya ba ta gyara fitsari, tana iya ɓata shi.

Wanda ke taimakawa shi ne istirojin ɗan kaɗan da ake sa wa a gaba: kirim, ko ƙaramar ƙwaya da ake turawa, ko zobe mai laushi da ake canzawa duk wata 3. Kamar bambancin zuba wa shuka ruwa a gindinta ne da sakin ruwa ya malale gonar gaba ɗaya. A 2012 masu tace bincike na Cochrane sun haɗa gwaje-gwaje sama da 30, suka ga na sha yana ƙara zubar, na sawa kuma yana rage matsuwa, yana rage zuwa banɗaki da kamar sau ɗaya zuwa biyu a kwana.

Anti Ingila:
Likita, ni fa ban yarda a tsorata mata da maganin hormon ba. Wannan binciken da kika kawo shi ne ya jawo wa mata wahala tun 2002, lokacin da aka tsayar da wani ɓangarensa, jaridu suka cika duniya da maganar kansar nono, mata suka zubar da magungunansu. Daga baya aka dawo ana cewa matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada, kuma tsohon samfurin ƙwaya aka ba su. Ni a nan Ingila filastar hormon nake mannawa a cinya. Kafin in fara, sai in farka tsakar dare rigata sharkaf da gumi a tsakiyar hunturu, ga faɗa da yara ba dalili. Yanzu alhamdu lillahi na dawo mutum.

Likitar Zaure:
Anti, ban musa miki ko ɗaya ba. Mace 'yar ƙasa da shekara 60, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, tana fama da zafin jiki da gumin dare, babu abin da ya kai hormon yi mata aiki, in dai ba ta da abin da zai hana. Amma Maman Ilham ba gumi ta kawo mana ba, fitsari ta kawo. Babu likitan da ya san aikinsa da zai rubuta ƙwayar sha ko filasta don fitsari kaɗai. Hasali ma cikin masu manna filasta irin taki akwai waɗanda sai an ƙara musu da na sawa sannan mafitsara ta lafa.

Anti Ingila:
Wannan kam haka ne, ni ma an haɗa mini da shi. A nan tun 2022 akwai wata ƙwayar sawa mai suna Gina da mace 'yar shekara 50 zuwa sama za ta saya a kantin magani ba tare da takardar likita ba, in ta shekara ba ta ga al'ada ba. Mai kantin zai yi miki tambayoyi dai kafin ya ba ki.

Hajiya Uwani:
Ku dai ku yi a hankali. Duk abin da aka ce hormon ni tsoronsa nake ji. Yayata kansar nono ce ta yi ajalinta.

Likitar Zaure:
Allah Ya jiƙanta, Hajiya, Ya kai haske kabarinta. Tsoronki yana da dalili, shi ya sa zan ba ki lissafi. Ƙwayar sawa irin Vagifem maikirogiram 10 ce. Idan mace ta yi shekara cur tana sa ta yadda aka tsara, jimillar abin da ta sa bai fi miligiram ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wato kusan abin da ke cikin ƙwayar sha guda ɗaya ta rana ɗaya. Abin da ke shiga jini ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma manyan binciken da suka bi masu amfani da shi ba su ga ƙaruwar kansar nono ko daskarewar jini ba. Shi ya sa ma mai mahaifa ba ta buƙatar a haɗa mata da sinadari na biyu mai kare mahaifa, saɓanin mai shan ƙwaya.

Sai dai akwai waɗanda ba za su fara ba sai an duba su da kyau. Wadda ta ga jini, ko ɗigo ne, bayan ta shekara ba al'ada, wannan asibiti za ta nufa ba kemis ba, don dole a tabbatar ba kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa ba ce. Wadda ta taɓa yin kansar nono, musamman mai shan letrozole ko anastrozole, sai da yardar likitanta na kansa. Mai ganin jini a fitsari ita ma bincike ne farko.

Maman Sadiq:
Ni tambayata, wannan ba shi ne yoyon fitsari ba? Don in shi ne, Babbar Ruga za a kai ta kawai.

'Yar Katsina:
A'a Maman Sadiq, ba ɗaya ba ne. Yoyon fitsari huji ne tsakanin mafitsara da gaba, galibi daga doguwar naƙuda, kuma fitsarin zuba yake dare da rana, mace ba ta ma jin ya taru. Shi ne ake yi wa tiyata a Babbar Ruga nan Katsina, da cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da Danja kusa da Maraɗi. Na Mama tana jin matsuwar, riƙewar ce ta gagara. Ina ganin wannan ruɗanin yana cikin abin da ke sa iyayenmu yin shiru, suna tsoron a ce musu masu yoyo, a fara ƙyamar abincin da suka dafa.

Nas Mai Ritaya:
Kin faɗi gaskiya. Ga kuma abin da ya kamata kowa ta rarrabe, don maganin ya bambanta. Akwai wadda nata sai ta yi tari, ko dariya, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta sunkuya ruku'u, sai ya ɗan tsirto ba tare da ta ji matsuwa ba. Wannan raunin naman ƙasan mara ne, haihuwa da ƙiba ke kawo shi, kuma kirim ɗin istirojin ba ya yi masa wani abin a zo a gani. Akwai kuma irin na Mama: tana zaune lafiya, da ta ji ƙarar ruwa daga famfo, ko ta taɓa ruwan sanyi za ta yi alwala, ko ta iso ƙofar gida tana laluben mukulli, sai ya taso mata kamar zai fashe. Wannan mafitsara ce ke matsewa ba da izini ba, kuma nan ne kirim ya fi amfani. Mata da yawa masu haihuwa irin ta Mama suna da duka biyun.

Maman Ilham:
Wallahi Sista kamar kina gidanmu. Da ta fara zuba ruwa a buta shi ke nan. To amma maganin sanyin da ake ta ba ta fa? Duk sanda ta ce tana jin raɗaɗi, sai ƙanena ya je kemis a haɗo mata Cipro da wasu.

Likitar Zaure:
Wannan ne ya fi damuna a duk labarin. An taɓa kai fitsarinta ɗakin gwaji an shuka, an ga ƙwayar cuta? Mata da yawa a wannan shekarun suna jin raɗaɗi da matsuwa alhali babu wata cuta, bushewar ce kawai. A yi ta ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kashe masu amfanin da suka rage, ranar da ciwon gaske ya zo kuma magani ya ƙi ci. Idan kuma da gaske ciwon mafitsara ne ke dawowa, nan ma kirim ɗin ne ya fi ƙarfin hujja. Tun 1993 aka yi gwaji a kan mata 93 masu wannan matsala: waɗanda ba a ba su maganin gaske ba ciwon yana dawo musu kusan sau 6 a shekara, masu sa kirim na estriol, wani nau'in istirojin, kuwa bai kai sau ɗaya ba.

Ki gaya mini, tana da ciwon suga ko hawan jini? Me take sha?

Maman Ilham:
Hawan jini take da shi. Tana shan Moduretic da amlodipine. Suga kam ba a taɓa aunawa ba. Kuma ba ta rabuwa da goro, ga shayi da dare.

Likitar Zaure:
To kin ga. Moduretic aikinsa ke nan, ya sa mutum fitsari. In da yamma take sha, shi kaɗai ya isa ya hana ta barci. Amlodipine kuma yakan tara ruwa a ƙafa da rana, in an kwanta ruwan ya koma jini ya zama fitsarin dare. Kada ta daina ko ɗaya da kanta, hawan jini ba abin wasa ba ne, amma ku gaya wa mai duba ta, zai iya gyara lokacin sha ko ya canza. Masu shan lisinopril su ma su lura, yakan kawo busasshen tari, tarin kuma ya kawo zuba. A auna suga lallai, don yawan fitsari yana cikin alamominsa na farko. Goro da shayi da kofi da lemon kwalba baƙi duk suna da sinadarin kafeyin, yana tsokanar mafitsara.

Hajiya Uwani:
Goro kuma? Likita, a bar mana goronmu, shi kaɗai ya rage mana.

Likitar Zaure:
Ban ce a daina ba, Hajiya. A rage, a bar shi daga la'asar. Ta gwada mako biyu ta ga ko akwai bambanci, ita da kanta za ta yanke hukunci.

Ta Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni na yi amfani da kirim ɗin nan, Ovestin, likitar mata ta rubuta mini. Ina so in faɗi nawa don kada a ɗauka yana gama komai. Bushewa da raɗaɗi sun tafi, wannan ba shakka, ciwon mafitsara ma ban sake yi ba. Amma matsuwar raguwa ta yi, ba ta bari ba. Sai da aka ƙara mini solifenacin sannan na iya shiga mota zuwa Damagaram hankali kwance. Shi kuma yana busar da baki ƙwarai, ga taurin bayan gida. Da azumi na sha wuya da shi.

Likitar Zaure:
Na gode da kika faɗi wannan. Gwaje-gwajen da aka yi a kan kirim da matsuwa ƙanana ne, taimakon da suka nuna matsakaici ne, ba warkewa ɗungurungum ba. Solifenacin da tolterodine da oxybutynin dangi ɗaya ne, suna kwantar da mafitsara. Oxybutynin ya fi araha, amma ina guje masa ga tsofaffi don yana iya kawo ruɗewa da mantuwa. Akwai mirabegron da ba ya busar da baki haka, sai dai yana iya ɗaga hawan jini, ga tsada. Kirim ɗin ma ba a ganin cikakken aikinsa sai an kai kamar wata 3, kuma in aka daina, matsalar tana dawowa a hankali. Abu ne na ɗorewa.

Maman Sadiq:
Yaya ake sa shi? Kuma ana samu a nan?

Nas Mai Ritaya:
Yana zuwa da ɗan bututun roba mai alamar awo. Ki ɗaura shi a bakin tubu, ki matsa har kirim ya kai alamar, ki kwanta rigingine ki ɗan tanƙwara gwiwa, ki tura a hankali ki danna. Sai a wanke bututun da ruwan ɗumi da sabulu. Da dare ake yi in za a kwanta. Galibi kullum na mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis don kada a manta. Wadda wurin ya bushe mata sosai har bututun ke mata zafi, ta lakata a yatsa mai tsabta ta shafa daga bakin gaba zuwa ɗan ciki, har wajen mafitar fitsari. Kwanakin farko wasu sukan ji ɗan zafi ko nono ya yi nauyi, yana wucewa. Manyan kantunan magani na birni sukan samu, ba kullum ba. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada ku sayi wani kirim ɗin da ba a san asalinsa ba a intanet don an rubuta masa hormon.

Ummu Hafsa:
Ni dai na ji an ce da fitsarin doki ake yin maganin nan. Musulma ta sa najasa a jikinta ta yi salla?

Likitar Zaure:
Akwai gaskiya a ciki, amma samfuri ɗaya ne. Premarin, na sha da na shafawa, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Estriol da estradiol, wato irin su Ovestin da Vagifem, a masana'anta ake haɗa su daga sinadaran tsirrai kamar waken suya da wani nau'in doya. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da na farko ba, ta ce a rubuta mata na biyu.

Malama:
Assalamu alaikum. Maganar magani na bar wa masu shi, ni wajen ibada zan taɓo, don abin da ya fi sosa mini rai shi ne an ce baiwar Allah ta bar tarawihi da makaranta. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan lalura, suna kiranta salasul bauli. A Risala an ce an so mai ita ya sabunta alwala a kowace salla. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan zubar tana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala. Idan kuwa jefi-jefi take zuwa, tana warwarewa, sai a sake. Abin da ya taɓa tufa kuma, in yana zuwa kullum, an yi rangwame a kansa saboda wahalar kiyayewa. Ta yi tsarki, ta sa ƙunzugu mai tsabta yadda ba zai ɓata shimfiɗar masallaci ba, ta yi alwala dab da salla, ta ware zanen salla daban in da hali. Maman Ilham, ki zaunar da ita ki gaya mata sallarta tana nan daram. Na san matan da waswasi ya sa suke maimaita salla ɗaya har lokacinta ya fita, suna kuka a kan sallaya, ba su tambayi kowa ba saboda kunya. Kuma neman magani ba ya cikin rashin haƙuri, Hajiya Uwani.

Hajiya Uwani:
Na ji, Malama, Allah Ya saka da alheri. To ni da na kai 66, nawa na tari ne, akwai abin da zai yi mini?

Nas Mai Ritaya:
Akwai, Hajiya, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba. Naman da kike matsewa in kina so ki riƙe tusa a cikin mutane, shi za ki motsa. Ki matse ki ja shi sama, ba tare da kin ɗauke numfashi ko kin matse cinya ba, ki ƙirga biyar, ki saki, ki huta kamar haka. Aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama uku a rana, har wata 3 kafin ki ce bai yi ba. Ni nakan ce wa mata su haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha, suna zaune. In kin ji tari na zuwa, ki riga shi matsewa. Kada dai a mai da shi al'ada a lokacin da ake tsaka da fitsari. Rage ƙiba ma yana aiki sosai, ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki. In duk an yi bai isa ba, ko kina jin wani abu yana saukowa a gaba, akwai zoben da ake sa wa ya tallafe, akwai kuma tiyata.

Ita kuma Mama, horon mafitsara za ta haɗa da shi. In matsuwa ta taso, kada ta ruga da gudu, gudun ne ke zubar da shi. Ta tsaya cak ko ta zauna, ta matse da sauri sau biyar, ta jira ya lafa, sannan ta taka a hankali. Ta riƙa ƙara tazara da minti 15 har ta kai awa biyu zuwa uku, aƙalla mako 6 ana yi. Kada kuma ta ƙaurace wa ruwa, fitsari mai kauri ya fi tsokana. Ta sha da rana, ta rage awa biyu kafin barci.

Maman Ilham:
Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Saura abu ɗaya: ta rantse ba za ta buɗe wa likita namiji jikinta ba, sa'an ɗanta.

Likitar Zaure:
Haƙƙinta ne, kada ku tilasta mata. Ku je sashen mata na babban asibiti ku ce mace kuke so, ko da za ku jira wata ranar. Ki raka ta, amma in an zo dubawa ki tambaye ta ko tana so ki fita, don iyaye da yawa sun fi jin kunyar 'ya'yansu a kan likita. Kafin ku je, ku yi kwana 3 kuna rubuta lokacin da ta sha abu, lokacin da ta yi fitsari, da lokacin da ya zubo da abin da take yi a sa'ad nan. Ku tafi da duk kwalayen magungunanta a leda.

Baƙuwa:
Don Allah admin a ɓoye sunana. Ni shekarata 52, maigida yana nan da ransa. Zafin kwanciya ya sa har na fara guje masa, ya ɗauka ƙiyayya ce, ga fitsarin nan da ke biyo baya kwana biyu da raɗaɗi. In na fara kirim ɗin zai cutar da shi? Kuma yana karya azumi?

Likitar Zaure:
'Yar uwa, abin da kika lissafa duka tushensu ɗaya, kuma irinku ne suka fi jin daɗin maganin nan. Ki je a duba ki a rubuta miki. Game da maigida, kada ki sa shi dab da kwanciya, don yana iya shiga fatarsa. Ki sa bayan an gama, ko a daren da ba kwananki ba. Shi ba man sauƙaƙa kwanciya ba ne, wannan daban ake saya, mai ruwa-ruwa, kuma ana haɗa su. Ki riƙa yin fitsari da an gama. Raɗaɗin da ke biyo baya kuma, in ya sake zuwa, a shuka fitsarin kafin ki sha komai.

Malama:
Azumi kuwa, tunda da dare ake sawa, babu abin da ya haɗa su. Ki sa bayan isha. Ki kuma samu lokaci ki gaya wa maigidan cewa lalura ce kuma kin fara neman magani, in kina jin nauyi ki ce ya raka ki asibitin ya ji daga bakin likita.